Hancin Malam da Bokitin Siminti

Ga ta nan, ga ta nan ku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe suke.

Wani malamin kimiyya aka yi, yana koyarwa a wata makaranta da aka gina can a kan tudu, irin tudun nan da in ka hau shi da safe sai ka tsaya bakin ƙofa ka tattaro numfashinka kafin ka iya amsa gaisuwa. Malamin nan ba shi da gida na kansa, ba shi da mota, ko keke ba shi da shi. Abu guda ya gada a gidansu, hanci. Amma fa hanci ne na gaske, dogo, miƙaƙƙe sambal, wanda in Malam zai shiga aji shi ke fara leƙawa ya ga ko yara sun zauna, sannan sauran Malam ya biyo baya. Haka na kakansa yake, haka na ubansa. Da uban ya rasu Malam yana ƙarami, ƙanwar uban ce ta ɗauke shi ta raine shi, kuma har ya girma ya zama malami suna zaune tare. Goggo yake ce mata, ita kuma Auta take ce masa, ko a gaban wa.

Ita Goggo ba ta samu hancin ba, nata ɗan mitsitsi ne kamar maɓallin riga, shi ya sa take tattalin na Auta kamar ajiyar da aka bar mata. In sanyi ya shigo ta shafa masa mai, in zai shiga rana ta ce ya sa hula mai baki. Kullum maganarta ke nan: "Duk dangi kai kaɗai ka rage da shi, ka riƙa lura da ƙofofi."

To, Goggo tana da wani hali da ya kamata ku sani tun yanzu. Ba ta iya yin abu daidai yadda aka ce ba, sai ta ƙara. In ta zuba maka shayi sai ya cika kofi ya malala kan tebur, sannan hankalinta ya kwanta. In ta ɗinke maɓalli sai ta ƙara wani a gefe, ko babu ramin da zai shiga. In ta raka baƙuwa sai ta kai ta gida har ta wuce, baƙuwar ce za ta ƙwala mata kira ta ce, "Goggo, ai mun iso." Kuma kullum da safe in Malam zai fita, sai ta bi shi bakin ƙofa ta ɗora tafin hannu a tsakiyar bayansa ta tura, wai don tafiya ta yi masa sauƙi. Tun yana ɗan firamare take yi. Matar da ta tsufa tana matse barguna ita kaɗai, kun san hannunta ba na wasa ba ne. Sai Malam ya kai kwanar titi kafin ya iya rage sauri.

A makaranta kuwa Malam na cikin damuwa, don yara ba su yarda da abin da yake koya musu ba. Ba rashin kunya suke yi masa ba, a'a. Suna rubutawa, suna haddacewa, amma a ransu duk tatsuniya ce da ake yi don jarrabawa. Jagorar masu ƙin yarda wata yarinya ce mai zama a gaba, siririya mai ƙatuwar murya, ana ce mata Sai-Na-Gani, don ko cewa ka yi ana ruwa a waje sai ta miƙa hannu ta taga.

Malam ya ce, "Abin da ke zaune ba ya motsi sai an tura shi ko an ja shi. Wannan turin ko jan shi ne ƙarfi. In kuma abu ya kama tafiya, ba ya tsayawa sai wani abu ya tsayar da shi."

Sai-Na-Gani ta ɗaga hannu. "Malam, ni in na gara ƙwallo tsayawa take yi, ba wanda ya taɓa ta."

"Ƙasa ce ke goga ta, tana rage mata gudu."

"Ban ga hannun ƙasa ba, Malam."

Malam ya ci gaba. "Shi kuma kuzari ba ya ɓacewa, ba ya kuma fitowa daga babu. Riga kawai yake sauyawa. In ka ɗaga abu sama, ka ajiye masa kuzari ke nan. In ka sake shi, ajiyar ta koma gudu."

"A wane aljihu yake ajiyewa, Malam?"

Aji ya kwashe da dariya. Haka ake yi kullum, har yara suka fara zamewa suna komawa wasu darussa.

Akwai wanda abin ya yi wa daɗi, wato Hedimasta. Ofishinsa na manne da ɗakin kimiyya, bangon katako ne kawai ya raba su, kuma duk zangon da yara suka ragu sai ya sa a cire ƙusoshi a matso da bangon cikin ɗakin Malam, ofis ya ƙara faɗi. Faɗin kuwa don kujerarsa yake so. Kujera ce mai tayoyi, mai juyawa, baƙa wulik tana sheƙi. Ya ɗaga ta har ƙarshe don ya fi kowa tsawo in yana zaune, ƙafafunsa na reto ba sa taɓa ƙasa. Doka ɗaya ce a makarantar nan ba a taɓa karyawa ba: kada wanda ya taɓa kujerar Hedimasta, malami ne ko ɗalibi. Ya kuma sa ana goge masa ofis da baranda da mai har sai ya ga fuskarsa a ƙasa. In ya ci abincin rana sai ya jingina kujerar da bangon katakon, ya harɗe hannuwa a kan ciki, ya ce kada a dame shi yana nazari.

Wata rana ya kira Malam ya ce, "Malam, in zangon nan ya ƙare yaranka ba su farka ba, bango zai kai taga. Ka ga baranda akwai iska, sai ka koma can."

Malam ya fito. A bayan ajujuwa ya ci karo da wani tsohon bokiti da magina suka manta, siminti ya daskare a ciki har baki. Ya gwada ɗagawa, bayansa ya ce ƙas. Ya tsaya yana kallonsa, can sai ya yi murmushi shi kaɗai. Ya samo igiya mai kauri, aka taya shi aka rataye bokitin a jikin ƙarfen rufi, ya zama lilo a tsakiyar aji.

Ya ce wa yara, "Gobe zan tsaya a jikin bangon nan. Za a jawo bokitin nan har ya taɓa kan hancina, a sake shi. Zai tafi can ƙarshen ɗaki ya dawo, amma ba zai taɓa ni ba, don ba zai iya wuce tsayin da ya taso ba. Abin da aka ajiye masa kaɗai yake da shi, ba mai ƙara masa. Ido rufe zan tsaya, kuma ba zan motsa ba."

Sai-Na-Gani ta dubi bokiti, ta dubi hanci, ta ce, "Malam, in ya taɓa fa?"

"In ya taɓa, duk abin da na koya muku ƙarya ne, ku tafi abinku."

"In bai taɓa ba, ni da bakina zan ce na gani."

Kafin Malam ya isa gida labari ya riga shi, don uwar Sai-Na-Gani maƙwabciyar Goggo ce. Ya tarar da Goggo tsaye a tsakar gida ta kama ƙugu.

"Auta, ashe haukacewa ka yi ban sani ba? Hancin kakanka za ka kai wa bokiti?"

"Goggo, ba zai taɓa ni ba, lissafi ne."

"Shi bokitin ya iya lissafi? Wace makarantar ya yi?"

Ya zaunar da ita, ya ɗaure cokali da zare ya nuna mata yadda yake tafiya ya dawo bai wuce inda ya taso ba. Goggo ta kalla ta taɓe baki ta ce cokalin ma rowa ce ta yi masa yawa. Ya gaya mata zancen bango da baranda. Nan ta sauko, don ba ta son a ce ɗan da ta raina yana koyarwa a baranda kamar mai talla.

Ta ce, "To na ji. Amma hannun bare ba zai riƙe bokitin nan a gaban hancin gidanmu ba. Ni zan riƙe."

Malam ya ce, "Goggo, saki kawai ake yi fa. Ba a turawa."

"Na ji."

"Ko kaɗan, Goggo. Ki buɗe hannu kawai."

"Kai, yaron nan! Ni za ka koya wa sakin abu? Wa ya yaye ka?"

Washegari bayan abincin rana aji ya cika har taga, waɗanda suka gudu ma sun dawo kallon yadda hanci zai ƙare. Ta bayan bangon katako ana jin munsharin Hedimasta yana nazari. Malam ya jingina ƙeyarsa da bangon, ya miƙe tsaye. Goggo ta ɗaure ɗankwali tamau, ta rungumo bokiti kamar jariri, ta kawo shi har ya taɓa kan hancin. Malam ya ji sanyin ƙarfe. Ya rufe ido.

"Saki, Goggo."

Wallahi ta yi niyyar saki kawai. Amma da ta dubi nisan ɗakin, ta ga bokiti zai tafi can ya dawo shi kaɗai ba ko ɗan guzuri, sai tausayi ya kama ta. Hannunta ne ya yi abin da ya saba, ya bi bayan bokiti ya ce masa sauka lafiya.

Bokiti ya tafi fuu, ya wuce tsakiyar ɗaki, ya haura can har ya kusa sumbatar rufi. Malam ido rufe, bai san wainar da ake toyawa ba.

Yara suka ɗauki ihu, "Malam, duƙa! Malam, duƙa!"

Malam ya yi murmushi, a ransa yana cewa gwada shi suke yi. "Ba inda za ni."

Bokiti ya juyo. Sai-Na-Gani ta haye kan benci ta buɗe muryar nan tata: "Malam! Goggo ta ƙara masa!"

To kun ji, duk littattafan duniya ba su kai kalmomin nan shiga kunnen Malam ba. Mutumin da ake turawa kullum da safe ya san abin da ƙarin Goggo yake nufi. Ya zube ƙasa kamar an zare masa ƙashi. Bokiti ya wuce ta inda hancin yake, ya daki bangon katako, dum! Bango ya lanƙwasa ya dawo. Munshari bai tsaya ba.

Malam na durƙushe yana shafa hanci, yana jin kunya ta rufe shi, don ya ce ba zai motsa ba ga shi a ƙasa. Can sai aka ji wani ƙii-ƙii-ƙii daga baranda. Aka juya. Sai ga Hedimasta ya zo wucewa ta bakin ƙofar aji, a kan kujerarsa, hannuwa harɗe a ciki, ido rufe, yana tafiya a hankali kamar jirgin ruwa. Yara suka miƙe tsaye yadda aka koya musu: "Barka da rana, ranka ya daɗe!" Bai amsa ba, ya wuce.

Barandar nan da ma ta ɗan karkata wajen ƙofar makaranta, ga mai an goga, ba abin da zai riƙe taya. Kujera ta sauka ta gangaren da ake turo kaya, ta miƙi hanyar fita. Mai gadi ya hango Hedimasta tafe, ya yi abin da yake yi kullum, ya wangale ƙofa ya ƙame yana sara masa. Kujera ta fita titi, titi kuwa daga nan miƙewa ya yi ɗoɗar zuwa kwari.

Malam ya zabura, yara suka rufa masa baya, Goggo ta tattare zani ta wuce su duka.

Suna gudu Sai-Na-Gani na tambaya, "Malam, ɗan turin bokiti ne ya ba shi gudun nan duka?"

Malam yana haki ya ce, "A'a! Bokiti tayar da shi kawai ya yi. Kullum da safe yana hawan tudun nan yana nishi, ko ba haka ba? To duk wahalar nan ajiya ce. Yau tudu ke mayar masa da kayansa!"

A daidai shagon mai gyaran keke Hedimasta ya farka. Ya ga shaguna na wucewa, iska na kaɗa masa riga. Ya nemi ƙasa da ƙafa, ƙafa ba ta kai ba. Tela ya yar da almakashi ya fito da gudu ya ware hannuwa zai tare shi, sai Hedimasta ya daka masa tsawa, "Kada wanda ya taɓa kujerar nan!" Tela ya yi tsalle gefe. Da Hedimasta ya ga mutane sun fito suna kallo, sai ya gyara wuyan riga ya ɗaga musu hannu. "Zagayen duba unguwa nake yi," in ji shi, amma rabin maganar iska ta tafi da ita.

Rana ta take, titi ba mota. Kujera ta tsaga kwari ta gaban shagon mai aski, ta kama hawan tudun da ke ɗaya gefen. Tana hawa gudu na raguwa, tana hawa yana raguwa, har ta tsaya cak kusa da wani falwaya. Hedimasta ya sauke ajiyar zuciya. Sai kujera ta yi ɗan tunani, ta juyo da baya.

Malam da yara suna tsakiyar gangaren makaranta suka tsaya. Wani ya ce, "Wayyo, zai dawo ya koma ofis!"

Malam ya buɗe baki zai yi bayani, Sai-Na-Gani ta riga shi. "Ba zai kai ba. Daga can ya taso, ba zai wuce can ba. Kuma titi na cin rabonsa, ku ji yadda tayoyin ke kuka." Ta dafe baki, kamar wadda ta ji wata ta yi magana da muryarta.

Haka kuwa aka yi. Hedimasta ya hauro yana juyawa kamar fanka, ya zo daidai shagon mai burodi, can ƙasa da ƙofar makaranta, ya tsaya. Ya dubi yara ya ce, "Me kuke yi a waje lokacin darasi?" Kafin a ba shi amsa kujera ta sake gangarawa da shi.

Sai-Na-Gani ta ruga ta tsaya a daidai inda tayar ta tsaya, a tsakiyar titi gaban shagon mai burodi. Ta haɗe ƙafa, ta miƙa ɗan hancinta gaba, ta rufe ido. "Wannan karon ba zai kai nan ba. Ni ma zan gwada."

Daɗi ya kama Malam har idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗaga kai ya dubi tudun can na tsallake, sai daɗin ya koma ciki. Goggo ce. Ita da ta tashi bin Hedimasta, gudun ma sai da ta ƙara, ta wuce kwari ta haye ɗaya tudun, ga ta can tsaye daidai inda kujera za ta tsaya. Tana naɗe hannun riga.

Muryarta ta tsallako kwari: "Bawan Allah yana son komawa ofis ya kasa! Bari in taimaka masa!"

"Goggo, kada ki ƙara!"

"Ɗan kaɗan ne, Auta!"

Malam ya dubi yarinya ido rufe a tsakiyar titi, ya dubi Goggo tana tofa yawu a tafin hannu. Ya san in ya janye yarinyar, ita da sauran ba za su ƙara yarda da shi ba har abada. In ya bar ta kuma Goggo ta tura, sai dai a kwashe ta. Sai ya taka ya shiga gabanta, ya cire hula, ya juya fuskarsa gefe yadda rana za ta haska shi sosai, ya nuna da yatsa.

"Goggo! Dubi abin da ke kan hanya!"

Hancin nan ko daga tsallaken kwari ba ya ɓoyuwa. Goggo ta hango shi yana ƙyalli da man da ta shafa masa da safe. Kujera ta iso gabanta ta tsaya, bayan Hedimasta ga shi nan shimfiɗe, daidai tafin hannu, kamar an auna. Hannun Goggo ya ɗaga da kansa. Ta kama shi da ɗayan. Ɗayan ma ya fara tashi. Sai ta zauna daɓas a kan titi, ta danne su duka biyun da cinyoyinta, ta runtse ido tana salati. Kujera ta tafi haka nan, ba guzuri. Tun da aka haifi Goggo ranar ce ta fara sakin abu ba ta ƙara masa ba.

Malam ya juyo ya fuskanci kwari, ya rufe ido shi ma. Yana jin kukan tayoyi na matsowa, ƙii-ƙii-ƙii, Sai-Na-Gani ta leƙo ta gefen hannunsa, don ita dai ba ta iya rufe ido har ƙarshe ba. Kukan ya matso, ya matso, ya yi sanyi, ya tsaya. Malam ya buɗe ido. Ga Hedimasta a gabansa, saura 'yan taku, gumi sharkaf, suna kallon juna.

"Barka da rana, ranka ya daɗe."

"Malam, ka zo ofis ka same ni."

Kujera ta juya da shi.

Daga nan sai abin ya zama darasi. Duk zuwan da zai yi yara na rige-rigen nuna inda zai tsaya, kowane zuwa ƙasa da na baya. Mai burodi ya fito da benci mutane suka zauna. Mai aski ya bar wani da rabin kai ya fito kallo. A hankali zuwa da dawowar ya gajarce, har kujera ta ɗan yi gaba, ta ɗan yi baya, ta tsaya a tsakiyar kwari. Mai aski ya kawo ɗan akwati aka ajiye, Hedimasta ya taka ya sauko, ƙasa na juya masa.

Sai-Na-Gani ta tsuguna gefen kujera. Ba ta taɓa ba, doka doka ce, ta dai kai tafin hannu kusa da taya, sai ta janye da sauri. "Zafi, Malam! Kamar dutsen guga!"

"To ina gudun ya tafi?"

Ta dubi taya, ta dubi titi, ta dubi tudu. Ta miƙe ta share hannu a riga. "Ya koma zafi da ƙara. Bai ɓace ba." Ta ja numfashi ta ce, "Malam, na gani."

Yara suka ɗauki sowa, don ba wanda ya taɓa jin kalmar nan daga bakinta.

Saura komawa. Hedimasta ya dubi tudu, ya dubi kujera, ya dubi jama'a. Kowa ya sa hannu a baya, ai shi ya kafa doka. Haka ya ɗora kujerarsa a ka ya kama hawa yana nishi, yara na biye suna raɗa wa juna cewa sabuwar ajiya yake yi. Goggo ta biyo shi a baya tana kallon tsakiyar bayansa, sai da Malam ya riƙe mata hannu har bakin ƙofa.

A ofis Hedimasta ya zauna a ƙasa ya sha ruwa, sannan ya ce, "Malam, a cire bokitin nan yau."

Sai yara suka amsa daga taga, "Ranka ya daɗe, gobe ma da shi za mu yi darasi, mu duka!" Ya leƙa ya ga har da waɗanda suka gudu, har da na wasu ajujuwa. Ya daɗe yana kallon bangon katako.

"Bokitin nan, har ina yake kaiwa in an ƙara masa?"

Malam ya ce, "Ya danganta da wanda ya ƙara, ranka ya daɗe."

Hedimasta ya dubi Goggo da ke tsaye bakin ƙofa tana masa sannu a karo na ba adadi. Washegari da sassafe aka ji ana cire ƙusoshi.

Bango ya koma inda yake tun farko, har ya ɗan wuce, don Goggo ta zo ta taya masu turawa. Ofis ya zama ɗan ƙarami, Hedimasta ya sa aka cire wa kujera tayoyi, aka sauke ta yadda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa, ya kuma hana goge baranda da mai. Mai gadi yanzu sai ya duba ko Hedimasta da ƙafa yake tafe kafin ya buɗe ƙofa. Sai-Na-Gani ta gama makarantar ta wuce gaba karatun kimiyya, sunan dai bai bar ta ba. Bokiti na nan rataye, duk sabon zango Malam na tsayawa gabansa, amma shi yake saki da hannunsa, ido buɗe. Hanci na nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Goggo kuwa ta yi alkawarin ba za ta ƙara taɓa bokiti ba, kuma ta cika, amma har yau in Malam zai fita da safe tana tura shi, sai ya kai kwanar titi yake iya rage sauri.